Tambaya da Amsa: Rauni Ya Hana Ni Sakat, Ko Zan Iya Zama Tauraro?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Koci. Ina gaishe ka da aiki, Allah shi ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a ɗaya daga cikin manyan makarantun nan na Sakkwato, ina aji uku, shekarata 21. Lamba bakwai nike bugawa, kuma ba yabon kai ba, in ina da lafiya babu mai tsaron bayan da ke kamo ni da gudu. Matsalata rauni. Cikin shekara ɗaya da rabi tsokar bayan cinyata ta dama ta fizge ni sau uku, duk wuri guda. Na yi targaɗe a idon sawu. Sannan bara, a wasan unguwa, na juya da ƙwallo ba wanda ya taɓa ni, sai na ji gwiwar hagu ta yi ƙas, kafin isha'i ta kumbura suntum. An kai ni wurin mai ɗori ya ja ya ɗaure, daga baya na yi hoton ƙashi aka ce babu karaya. Bayan wata biyu na koma fili. Ba ta hana ni gudu a miƙe, amma in na zo yanke mutum sai in ji ta zille mini. Yanzu abokai Tangaran suke kirana, koci ya fi ajiye ni benci, mahaifina ya ce in bar wagga wahala in kama karatu. Ga kuma wani da ya ce shi ejan ne, in na kawo kuɗin tikiti da biza zai kai ni gwaji ƙasar waje. Baba, don Allah ka gaya mini gaskiya: mai yawan rauni irina zai iya zama tauraro awa Ahmed Musa ko Shehu Abdullahi, ko dai in haƙura?

Daga wani ɗalibi, Mabera, Sakkwato.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Ana yi, an kuma sha yi. Amma kai tauraro kake tambaya, ni kuwa tun da na karanta wasiƙarka hankalina bai bar kan gwiwar nan ta hagu ba. Ka jera ciwo uku a layi ɗaya, ka kira su yawan rauni, alhali ba matsayinsu ɗaya ba. Targaɗen idon sawu abu ne da kusan duk wanda ya taɓa ɗaura takalmin ƙwallo ya yi. Cinya tana da magani, zan zo kanta. Gwiwar ita ce ke iya yanke maka hukunci tun kafin wani koci ya yanke.

Dubi abin da ka faɗa da bakinka. Ka juya, ba wanda ya taɓa ka. Ka ji ƙara. Ta kumbura a daren, ba bayan kwana biyu ba. Yanzu tana barinka ka yi gudu a miƙe, amma tana zillewa in za ka karkata. Waɗannan alamu huɗu idan suka haɗu, abin da likitocin ƙashi suka fi zargi shi ne tsinkewar wata jijiya da ke tsakiyar gwiwa, wadda suke kira ACL. Aikinta riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba ko ya murɗe a ƙarƙashin ƙashin cinya. Mai tafiya kasuwa zai iya rayuwa ba tare da ita ba. Lamba bakwai, wanda abincinsa ke cikin yanka da juyi, da wuya ya iya. Likita ne zai tabbatar ko ita ce, amma kada wanda ya sake kwantar maka da hankali da cewa hoto ya nuna babu karaya. Hoton da aka yi maka ƙashi yake nunawa, ba ya ganin jijiya. Mai ganinta shi ne hoton MRI, kuma tun kafin a kai ga shi, ƙwararren likita zai kwantar da kai ya ja ƙwaurin gaba da hannu ya ji ko akwai abin da ke tsayar da shi.

Ba na raina masu ɗori. Akwai gidajen da suka gaji sana'ar tun kaka da kakanni, kuma mutane da yawa a garin nan da ƙafafunsu suke tafiya saboda su. Sai dai ɗori na ƙashin da ya karye ne ko ya goce. Jijiyar da ta tsinke a cikin gaɓa ba ta jin kara da tsumma, kuma in ta rabu gaba ɗaya galibi ba ta haɗewa da kanta. Abin da ya fi damuna shi ne duk lokacin da gwiwar ta zille maka, ƙasusuwan suna murje guringuntsin da ke tsakaninsu. Jijiya ana iya yi mata madadi ta hanyar tiyata, a yanko wani sashe daga jikinka a dasa. Guringuntsi in ya lalace, gyaransa ya fi wuya nesa ba kusa ba, kuma shi ke sa ka ga mutum bai kai arba'in ba yana salla a kan kujera. Don haka tun kafin ka gama karanta shafin nan ka sa a ranka cewa wasa ya tsaya sai likitan ƙashi ya duba ka. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga asibitin ƙashi na Wamakko, in kuma abin ya kai ga haka akwai na Dala a Kano.

Tunda kai ɗan makaranta ne, bari in kai ka ƙasar da makaranta ce babbar hanyar zama ƙwararren ɗan wasa. A Amurka, ƙwallonsu na hannu da ake bugawa da hular kwano, daga jami'a ake zaɓar 'yan wasa zuwa babbar gasarsu ta NFL. Akwai wani Frank Gore da ya yi Jami'ar Miami. Jijiyar nan da nake maka magana ta tsinke masa a gwiwa ɗaya a 2002, ya warke ya dawo, ta ɗaya gwiwar ta tsinke a 2003. Ƙungiyoyi suka yi ta ja da baya, sai a zagaye na uku na zaɓen 2005 ƙungiyar San Francisco ta ɗauke shi. Mutumin nan ya yi kaka 16 yana wasa a gurbin da aka fi shan duka, ya tara yadi 16,000 na gudu da ƙwallo, mutum biyu kaɗai suka fi shi a tarihin gasar. To ita dai wannan ƙungiya, a 2013, ta sake ɗaukar wani yaro mai suna Marcus Lattimore daga Jami'ar South Carolina, wanda shi ma gwiwoyinsa biyu suka samu matsala a 2011 da 2012. Na biyun ya yi muni, gwiwar gocewa ta yi, jijiyoyi da dama suka tsinke lokaci guda. Ga kuɗi, ga likitoci, ga Gore a gabansa yana gani, amma a 2014 ya ajiye wasa ba tare da ya buga musu ko wasa ɗaya na gasa ba. Ba zuciya Gore ya fi shi ba. Irin ɓarnar da ke cikin gwiwar ce ta bambanta, kuma kai har yau ba a leƙa cikin taka an ga irin wadda ke ciki ba.

Idan ta tabbata tiyata ce, ka shirya wa wata tara aƙalla, da zirga-zirga sashen gashin ƙashi, ba kwanciya a ɗaki ba. Wani bincike da likitocin Norway da Amurka suka fitar a 2016 ya nuna cewa duk wata ɗaya da ɗan wasa ya ƙara jira kafin ya koma fili, har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin rauni a gwiwar yana raguwa da kusan rabi. Kai a wata biyu ka koma, ba tiyata, ba gashi. Ronaldo na Brazil ma, da duk likitocin Inter Milan, ya ji rauni a gwiwa a Nuwamban 1999, ya dawo a Afrilun 2000 a wasa da Lazio, bai cika minti goma a fili ba jijiyar ƙoƙon gwiwar ta tsinke baki ɗaya. Daga nan ya rasa kaka guda cur. Da ya dawo a kan lokaci, ya ci ƙwallo takwas a gasar cin kofin duniya ta 2002, biyu daga ciki a ragar Jamus ranar wasan ƙarshe.

Yanzu cinya. Ciwon da ya dawo sau uku a wuri guda ba ciwo uku ba ne, ɗaya ne da ba a taɓa bari ya warke ba. Tsokar bayan cinya tana yagewa ne a lokacin da kake tsananin gudu, daidai sanda ƙafa ta miƙe gaba tana shirin taka ƙasa. Bayan kwana goma zafi yakan tafi, ka yi sassarfa ka ji garau, ka ce ka warke. Amma wurin da ya haɗe bai yi ƙarfi ba tukuna, kamar ginin ƙasa ne da aka ɗora wa sabon sahu tun na ƙasa bai bushe ba. Ranar da aka jefa maka doguwar ƙwallo ka bi ta da iyakar gudunka, nan take yake sake buɗewa. Ma'aunin warkewa ba rashin zafi ba ne. Sai ƙarfin ƙafar ya yi daidai da na 'yar'uwarta, kuma ka yi gudu na ƙarshe a atisaye sau da yawa, a ranaku daban-daban, ba ka ji komai ba.

Maganin da aka fi tabbatarwa ba ya cin ko sisi. Ka durƙusa a kan tabarma, abokinka ya danne maka dugadugai, jikinka a miƙe daga gwiwa zuwa kai, sai ka riƙa sunkuyowa gaba a hankali kana hana kanka faɗuwa da ƙarfin bayan cinya, in ka kasa ka tare da hannu. Ana kiransa atisayen Nordic. An gwada shi a kan 'yan ƙwallo fiye da 900 a Denmark, kuma waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne irinka da suka taɓa jin ciwon. Da aka haɗa bincike-bincike da dama, an ga yana rage wannan rauni da kusan rabi. Ka fara da kaɗan, domin makon farko zai sa ka tafiyar tsofaffi, kuma kada ka fara sai likita ya ce gwiwar za ta ɗauki durƙuso. Akwai kuma tsarin ɗumama jiki na minti ashirin da hukumar FIFA ta fitar, mai suna 11+, wanda ya haɗa gudu, tsalle, tsayuwa da ƙafa ɗaya da shi wannan atisaye. Ba a Turai kaɗai aka gwada shi ba. An gwada shi a kan matasan ƙungiyoyin Legas, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari. Yana nan kyauta a intanet, ka nuna wa kocinku. Tsayuwa da ƙafa ɗaya da ke ciki ita ce kuma maganin idon sawunka, shi ke nan na gama da shi.

Wanda zan so ka riƙa tunawa a kan cinya shi ne Ousmane Dembele. Barcelona ta saye shi a 2017, bai yi wata guda ba cinya ta tsinke a wasa da Getafe, aka kai shi Finland tiyata. A 2020 aka sake kai shi. Na sha jin yara a gidan kallo suna cewa asibiti aka saya wa ɗan wasa. A 2025 ya ɗauki Kofin Zakarun Turai da PSG, ya kuma karɓi Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya na shekara.

Akwai abin da ba ka rubuta ba amma na san shi, don na daɗe a bakin filayen garin nan. Ɗan makaranta mai gudu irinka ba ƙungiya ɗaya yake bugawa ba. Safiya atisayen makaranta, la'asar gasar sashe, Asabar kofin unguwa, Lahadi wani ya biya kuɗin mashin a tafi Bodinga ko Kware. Duk a kan ƙasa mai tauri wadda rabonta da ruwa tun watan Satumba, da takalmi mai dogayen ƙusoshi da aka yi domin ciyawa. Ƙusa in ta kama ƙasa ta ƙi saki, jiki ya juya, gwiwa ce ke biyan bashin. Ƙara da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da kallon wasan Sifaniya har tsakar dare, da shiga fili da ɗan kunu a ciki. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ɗana. Wake, ƙwai, fura da nono, kifin Kwalkwalawa in aljihu ya yarda, da barci isasshe, duk suna cikin atisaye. Ka zaɓi ƙungiya ɗaya. Masu kofin unguwa za su yi fushi, su yi.

Allurar kashe zafi da ake zuwa kemis a yi kafin wasa kuwa, ka rabu da ita. Ba ta gyara komai, tana hana ka jin gargaɗin da jiki ke yi ne kawai, ka ƙarasa yaga abin da ya rage. Tiramol ma kada ka kusance shi. Ban da abin da muke gani yana yi wa samari, tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Ka ce in gaya maka gaskiya, to ga ɓangaren da ba shi da daɗi. Labarin waɗanda suka dawo shi muke ta maimaitawa, domin shi ke da armashi a majalisa. Ba a cika tuna Abou Diaby ba, wanda aka karya wa idon sawu a Sunderland a watan Mayun 2006 yana ɗan shekara 19, 'yan watanni da zuwansa Arsenal. Duk wanda ya kalle shi ya san baiwa ce, amma daga ranar jikinsa bai sake zama daidai ba. Marco van Basten ya ɗauki Ballon d'Or sau uku, idon sawu ya sa wasansa na ƙarshe ya kasance yana da shekara 28. Waɗannan a manyan ƙungiyoyin duniya suke, ba a rasa musu komai ba.

Kuma ko da ƙafafunka lafiya lau suke, shekara 21 a aji uku ba ƙaramin tsaiko ba ne. Ahmed Musa da ka ambata ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya tafi VVV Venlo ta Holand a 2010, har sai da aka jira ya cika 18 kafin ya fara buga musu. Victor Osimhen ya ci goma a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015. Masu farautar 'yan wasa daga Turai yara suke nema, waɗanda za a rena a sayar. Wanda ya fi kusa da kai shi ne ɗan garinmu Shehu Abdullahi. Bai yi tsalle daga filin unguwa zuwa Turai ba. Ya bi ta gasar cikin gida, ya yi suna a Kano Pillars, ya fita zuwa Kuwait a 2014, sannan Turai, ya samo tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya je gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018. Hanyar da ta rage maka ke nan: ka warke, ka buga kaka guda cikakkiya ba tare da ka kwanta ba, ka nemi gwaji a Sokoto United ko wata ƙungiya mai rajista, a gan ka a filin Giginya a gaban mutane. Jamie Vardy yana da shekara 25 Leicester ta saye shi daga ƙaramar ƙungiya a 2012, ya ɗauki Firimiya a 2016, amma irinsa ba su da yawa, kuma abin da ya kai shi shi ne yana fili kowane mako yana cin ƙwallo. A ganina, zama tauraron da duniya ta sani abu ne mai nisa a gare ka. Cin abinci da ƙwallo a gasar Najeriya ko wata ƙasa matsakaiciya kuwa bai fi ƙarfinka ba, in gwiwar ta gyaru. Kocin da ke ajiye ka benci ba ƙiyayya yake maka ba. Ba wanda ke gina tsarin wasa a kan ɗan wasan da bai san ko zai kai hutun rabin lokaci ba.

Ejan ɗin nan kada ka ba shi ko naira. Ƙungiyar da take son ganinka da gaske takarda take aikowa da sunanta, ejan na gaskiya kuma daga cinikin da aka ƙulla yake samun rabonsa, ba daga aljihun mahaifin ɗalibi ba. Yaranmu nawa aka kai wata ƙasa aka bari a ɗakin otal da fasfo a hannu? Mu ɗauka ma mai gaskiya ne. Babu ƙungiyar kirki da ke sa hannu ba a yi gwajin lafiya ba, kuma gwiwa na cikin abin da ake fara lalubawa. A shekarar 2000 Manchester United ta gama ciniki da PSV a kan Ruud van Nistelrooy, likitoci suka nuna shakku a kan gwiwarsa, cinikin ya tsaya. Kwanaki kaɗan bayan haka jijiyar ta tsinke masa a atisaye. Ya yi jinyar shekara, United ta dawo ta saye shi a kan fam miliyan 19 a 2001, ya ci musu ƙwallo 150. Nwankwo Kanu ma a gwajin Inter Milan aka gano ciwon zuciyarsa a 1996, bayan zinaren da Najeriya ta ci a gasar Olamfik ta Atlanta, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya sake zama gwarzon Afirka a 1999. In ka je gwaji da wannan gwiwa a yau, kuɗin mahaifinka za ka ƙona, ka kuma bar sunanka a takardar waɗanda aka mayar.

Shi kuwa mahaifinka, ka je ka same shi da ladabi, kada ka tsaya musu. Jinyar nan da karatun ba sa karo, sun ma dace da juna: wata tara zuwa shekara da za ka yi ba ka fili, su ne za su kai ka ƙarshen aji huɗu. Segun Odegbami da ya ci Aljeriya biyu a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1980 injiniya ya karanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan, abokin wasansa Adokiye Amiesimaka kuma lauya ne daga Jami'ar Legas. Ka gaya masa ka ajiye wasa har sai likita ya sallame ka, kuma kuɗin da ejan ya nema, in akwai su, a kashe su a kan hoton gwiwa. Ina kyautata zaton wannan maganar za ta fi shiga kunnensa fiye da zancen biza.

Ranar da za ka asibiti ka tafi da tsohon hoton ƙashin, ka faɗa wa likita yadda abin ya faru daki-daki kamar yadda ka rubuto mini, har da ƙarar da ka ji da sau nawa ta zille maka tun daga lokacin. Ka tambaye shi ko guringuntsin ya taɓu, ka kuma nemi ya haɗa ka da masu gashin ƙashi ko da ba za a yi tiyata ba. Abin da ya ce, ka sake rubuto mini. Allah ya ba ka lafiya.